Kwalkwali da Lifidi: Yadda Ake Gane Shekarunsu da Asalinsu

Manyan kayan da mayaƙin da yake sawa don tsare jikinsa iri uku ne: kwalkwali a ka, sulke a jiki, sa'an nan rigar nan da ake cusa wa auduga ko gashi a bi ta da ɗinki, wadda Hausawa ke kira lifidi. Wannan takarda za ta duba biyu daga cikinsu, watau kwalkwali da lifidi, a zamanin da Turawa ke kira farkon tsakiyar zamani, wanda ya kama daga faɗuwar daular Rum ta Yamma cikin shekara ta 476 har zuwa wajen shekara ta 1000. Tambayoyin biyu ne: yaushe aka yi abin, kuma daga ina ya fito? Game da kwalkwali akwai amsa mai ɗan ƙarfi, gama ƙarfe ko ya yi tsatsa yakan bar gawarsa a ƙasa. Lifidi kuwa tsumma ne da auduga, ƙasa takan cinye shi sarai, sai dai a nemi labarinsa cikin littattafai da bakin mutane. Saboda haka shaidun da za a kira a kan ɗaya dabam suke da na ɗayan, kuma yawancin kuskuren da ake yi cikin wannan fanni daga gauraya shaidun nan yake tasowa.

Ya kamata a fara da kwalkwalin da ya fi kowanne suna. Cikin shekara ta 1939 aka tone wani tudu a Sutton Hoo, a bakin kogin Deben cikin lardin Suffolk na gabashin Ingila, aka tarar ashe kabari ne. Jirgin ruwa ne mai tsawon mita 27 aka jawo bisa tudu, aka gina ɗakin katako a tsakiyarsa, aka tara dukiyar wani babban mutum a ciki, aka rufe da ƙasa. Katakon jirgin ya ruɓe, sai gurbinsa cikin yashi da ƙusoshinsa a jere. Gawar ma ba a same ta ba, gama ƙasar wurin mai tsami ce. Kwalkwalin kuwa ya riga ya yi tsatsa sa'ad da rufin ɗakin ya rufto masa, ya farfashe gutsattsari ɗaruruwa. Herbert Maryon na Gidan Tarihin Birtaniya ya harhaɗa su cikin 1945 da 1946, hoton aikinsa ya shiga littattafai ko'ina. Bayan shekara ashirin da 'yan kai aka tabbata haɗin bai yi daidai ba, don ya bar waɗansu wuraren da ya kamata kwalkwali ya tsare a buɗe. Aka wargaje shi, Nigel Williams ya sake haɗa shi cikin 1970 da 1971. Watau siffar da masana suka yi shekaru suna gardama a kanta ba ita ce siffar da maƙerin ya ƙera ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai bincike ya yi hattara da duk wani lissafin shekaru da aka ɗora a kan siffa ita kaɗai.

Abin da ya fitar da shekarun kabarin ba kwalkwalin ba ne, jakar kuɗi ce. A cikinta an sami tsabar zinariya guda 37, dukansu bugun ƙasar Farankawa, watau Faransa ta yanzu da kewayenta, tare da guda 3 da ba a buga musu hatimi ba da ƙananan curin zinariya 2. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: ba shi yiwuwa a rufe kabari kafin a buga kuɗin da ya fi sabunta a cikinsa. Amma yawancin kuɗin Farankawa na wannan zamani ba su ɗauke da sunan sarki, sai sunan gari da na mai bugu. Da fari masana suka sa su wajen 650 zuwa 660. Cikin 1960 wani masanin tsoffin kuɗi na Faransa, Jean Lafaurie, ya nuna cewa an makara da su, ya jawo su baya zuwa wajen 625. Daga baya aka auna zinariyar da ke cikin kowane ɗaya, domin an san cewa masu bugun kuɗin Farankawa sun yi ta ƙara azurfa suna rage zinariya yayin da ƙarni na 7 ke tafiya, awon kuwa ya goyi bayan Lafaurie. Wannan bambancin shekara talatin ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya kawar da sarakunan da aka fara zato, ya kawo sunan Raedwald, sarkin gabashin Ingila da ya mutu wajen 624 ko 625, wanda har yanzu shi aka fi kyautata zaton mai kabarin, ko da yake babu wani rubutu a ciki da ya ambaci sunansa.

To, amma fa shekarar rufe kabari ba ita ce shekarar ƙera kwalkwali ba. A cikin kabarin nan ɗaya akwai wani babban faranti na azurfa mai ɗauke da hatimin Anastasiyus, sarkin Rumawan Gabas da ya yi mulki a Ƙustantiniya daga 491 zuwa 518. Farantin ya ba kuɗin fiye da shekara ɗari. Da ɓarayi sun riga sun ɗauke jakar sun bar farantin, da an sa kabarin cikin wani ƙarni dabam, kuma ba mai iya musu. Kayan sarauta gado ne, kakan kaka yakan bar wa tattaɓa kunne, kamar yadda aka sani a kowace fada. Don haka kuɗin sun faɗi lokacin da kwalkwalin ya shiga ƙasa kurum. Lokacin da ya fito daga maƙera yana iya zama kafin wannan da shekara goma ko hamsin.

Batun asali ya fi haka wuya. Tun cikin 1948 Sune Lindqvist na Jami'ar Uppsala ya nuna cewa 'yan'uwan kwalkwalin Sutton Hoo suna Suwidin, a makabartun Vendel da Valsgarde, inda su ma ake binne manya cikin jiragen ruwa. An lulluɓe kwalkwalan duka da ƙananan fallayen tagulla waɗanda aka danna wa hatimi hoto ya fito: ga mayaƙa biyu suna rawa da masu, ga mahayi yana tattake abokin gaba da doki shi kuwa na ƙasa yana sukar dokin. An kuwa sami irin hatiman da ake danna hotunan da su a Torslunda, a tsibirin Oland na Suwidin, tun 1870. Daga nan waɗansu suka ce a Suwidin aka ƙera kwalkwalin aka kawo shi Ingila. Waɗansu suka ce a'a, maƙerin ne ya yi ƙaura da kayan aikinsa. Masu wannan magana ta biyu suna da hujja, gama ƙoƙon kan na Sutton Hoo da alama daga fallen ƙarfe guda aka buge shi, na Suwidin kuwa haɗi ne na sassa. Cikin 2025 Gidan Tarihin Ƙasar Denmak ya bayyana wani ɗan hatimi da aka tsinta a tsibirin Taasinge mai hoton mahayin nan, wanda ya yi kama ƙwarai da na Sutton Hoo, gardama ta sami ɓangare na uku. Hatimi dai abu ne da ke shiga aljihu. Inda aka tsince shi ya nuna inda ya faɗi ne, bai nuna duk inda ya yi aiki ba.

Idan an bar ado aka dubi ginin kwalkwalin, watau tudun da ya ratsa ƙoƙon daga goshi zuwa ƙeya, da marufan kumatu masu lilo, da abin tsare wuya, sai a ga hanya ta miƙe zuwa Rum. Daga ƙarshen ƙarni na 3 sojan Rum suka bar tsohon kwalkwalinsu na falle guda suka koma wani mai sassa biyu ko fiye, waɗanda ake haɗawa da wani dogon ƙarfe a tsakiyar ka. Irinsa ya fi sauƙin ƙira, ko ƙaramin maƙeri ya iya shi. An sami ɗaya cikin 1910 a wata fadama kusa da Deurne a ƙasar Holan, lulluɓe da azurfa mai ruwan zinariya, da sunan rundunar mai shi a rubuce, da kuɗin sarki Ƙustantin waɗanda na ƙarshensu bugun 319 ne. Su kuma Rumawa daga ina suka samo wannan gini? Amsar da ta fi ƙarfi ta fito daga Dura-Europos, wani gari a bakin kogin Furatu cikin Siriya, wanda Farisawa suka ci wajen shekara ta 256. Sun haƙa rami ƙarƙashin ganuwa, Rumawa suka haƙa nasu don su tare su, aka gamu a ƙarƙashin ƙasa, ramin ya rufta da waɗanda ke ciki. A nan masu tono suka sami kwalkwalin wani Bafarishe mai sassa biyu da ƙarfe a tsakiya. Ba a sake zama garin ba bayan wannan yaƙi, don haka shekarun kwalkwalin ba su da shakka, kuma ya girmi dukan irinsa na Rum da aka sani. Samun irin wannan shaida, wadda bala'i ya rufe cikin yini guda, ba kasafai yake faruwa ba.

Akwai wani dangin kwalkwali da ya fi waɗannan yaɗuwa, wanda Jamusawa suka sa wa suna Spangenhelm. Mai tsini ne, ana yin ƙashin gininsa da sanduna huɗu ko shida na tagulla da suka haɗu a ƙololuwa, a cike tsakaninsu da fallayen ƙarfe, a ɗaure da ƙusoshi. Mafi kyawunsu ana kiransu da sunan Baldenheim, wani ƙauye a Alsas inda aka tono ɗaya cikin 1902. An sami kamar arba'in, daga Suwidin har Libiya, kamarsu ɗaya kamar daga maƙera guda suka fito. Da yake yawancinsu a kaburburan sarakunan Farankawa da Alamanawa da sauran kabilun Jamus aka fara samunsu, an daɗe ana ɗaukarsu ƙirar waɗannan kabilu, ko ta Gotawa da suka mulki Italiya. Wanda aka tono a Krefeld-Gellep a bakin kogin Rhine cikin 1962 yana tare da zinariya mai sunan Anastasiyus ɗin nan a bakin mamacin, aka sa kabarin cikin farkon ƙarni na 6. Amma da aka shiga tonon garuruwan Rumawan Gabas a yankin Balkan, irin su Caricin Grad a Sabiya, sai ga gutsattsarin irin wannan kwalkwali cikin kangayen gari, inda babu wani sarkin Jamus da aka binne. Yawancin masana yanzu sun koma ga cewa maƙerun daular Ƙustantiniya ne suka ƙera su don hafsoshinta, suka isa arewa ta hanyar kyauta da ganima da aikin soja. Dalilin da ya sa aka fi samunsu a arewa shi ne mutanen can suna binne mamaci da makamansa, Rumawa Kirista kuwa ba su yi. Taswirar wuraren da aka tsinci kwalkwali ashe taswirar al'adar jana'iza ce.

Wannan ya bayyana wani abu kuma. Da addinin Kirista ya kafu a Ingila da ƙasar Farankawa cikin ƙarni na 7 da na 8 aka daina sa kaya a kabari, sai kwalkwali ya ɓace wa masu tono, alhali kuwa ba a daina ƙera shi ba. Na mutanen Ingila na wannan zamani duka waɗanda za a iya gane siffarsu ba su wuce shida ba. Mafi lafiyarsu katafila ce ta ci karo da shi cikin 1982 a unguwar Coppergate ta birnin York, cikin wani rami mai daɓen katako. Babu gawa, babu kuɗi. Da salon haruffan addu'ar Latin da aka rubuta a kansa, wadda ta ambaci sunan wani Oshere, da salon dabbobin da aka zana a kan abin tsare hanci, aka sa ƙirarsa tsakanin 750 da 775. An cire masa marufin kumatu ɗaya da sulken wuya aka cusa su cikin ƙoƙon, alamar ɓoyo ke nan ba yarwa ba, kuma ana zaton an ɓoye shi ne wajen 866, sa'ad da mayaƙan teku na arewacin Turai da ake kira Viking suka ci birnin. In haka ne ya yi kusan shekara ɗari a hannun mutane. Su Viking ɗin ma, duk da yawan yaƙinsu, kwalkwalinsu da ya fi cika shi ne wanda aka tono a Gjermundbu ta Norwe cikin 1943, na ƙarni na 10, kuma ba shi da ƙaho. Ƙahonin da ake zana musu masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo ne suka yaɗa su, musamman a wasan Wagner na 1876. Kwalkwalan tagulla masu ƙaho da aka tono a Vekso ta Denmak cikin 1942 an auna ƙaron itacen da ke jikin ɗayansu, ya nuna wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, watau sun riga Viking da shekara 1,700.

Dokar Farankawan Rhine ta ƙarni na 7 ta jera ƙimar kayan da za a karɓa a maimakon kuɗi wajen biyan diyya. Sa ɗaya zinariya 2 ne, kwalkwali 6, sulke 12. Kwalkwali ɗaya ke nan shanu uku, sulke shanu shida. Jerin ya ambaci takobi da garkuwa da mashi da abin tsare ƙwauri. Bai ambaci rigar cushe ba ko kaɗan. Daga nan ne wahalar rabi na biyu na wannan bincike ta fara.

Hankali yana cewa dole akwai ta. Sulke yakan hana kaifi shiga, amma ba ya hana ƙashi karyewa, kuma wanda ya sa shi a kan fata tsirara zobban za su nutse cikin rauni. Talakan da ba shi da shanu shida kuwa tilas ya nemi abin da zai kāre kansa da shi. A kan wannan hankali ne masu zanen littattafai da yawa ke sa wa mayaƙan ƙarni na 7 da na 9 rigar cushe ƙarƙashin sulke kamar an gan ta da ido. Ba a gan ta ba. Sulken Sutton Hoo a naɗe aka ajiye shi, ya dunƙule ya zama curin tsatsa, bai faɗi abin da ake sawa a ƙarƙashinsa ba. Rigunan cushe na Turai da suka tsira har yau na bayan wannan zamani ne da nisa, kamar wadda ke Canterbury ta ɗan sarkin Ingila Edward, wanda ya mutu cikin 1376.

Littattafai sun fi ƙasa magana, amma ta gabas suke yi. Wani littafin Latin na ƙarshen ƙarni na 4 a kan kayan yaƙi, wanda ba a san mawallafinsa ba, ya siffanta wata riga ta gashin tumaki da aka danne ya haɗe ba tare da saƙa ba, ana sa ta ƙarƙashin sulke. Littafin dabarun yaƙi da ake danganta wa Muris, sarkin Rumawan Gabas daga 582 zuwa 602, ya umurci a tsare ƙirjin dawakin hafsoshi da ƙarfe ko da irin wannan dannannen gashi, ya kuma ce haka kabilar Avar, makiyayan da suka fito daga tsakiyar Asiya, suke yi wa dawakin manyansu. Larabawan farkon Musulunci suna da kalmar tijfaf ga rigar da ake sa wa doki don yaƙi. Zuwa wajen 965 littafin sarki Nikiforos Fokas ya tsara wa dakaru riga mai kauri ta auduga ko ta ɗanyen alharini har gwiwa, da hula mai kauri ta dannannen gashi wadda ake naɗe ta da ƙyalle kamar rawani. A gabas dai, daga ƙarni na 4 zuwa na 10, silsilar ba ta yanke ba.

A yammacin Turai sai cikin ƙarni na 12 sunan abin ya bayyana a rubuce, ya kuwa bayyana da kalmomi biyu. Ta ɗaya ita ce wambais ko gambeson, wadda ta fito daga wata tsohuwar kalmar Jamusanci mai nufin ciki ko tumbi. Dokar makamai ta Henri na Biyu, sarkin Ingila, ta 1181 ta wajabta wa 'yan birni da sauran 'yantattu marasa wadata su mallaki wambais da hular ƙarfe da mashi. Ta biyu ita ce auqueton ta Faransanci, wadda ba kome ba ce face al-ƙuɗun na Larabci, watau auduga, Faransawa suka haɗiye ta da alif da lam ɗinta kamar yadda Hausa ta yi da alƙali da albasa. Waɗansu sun kafa hujja da wannan kalma suka ce daga yaƙe-yaƙen Ƙudus, waɗanda suka fara cikin 1096, Turawa suka koyo rigar. Hujjar ba ta kai nan ba. Kalmar ta tabbatar da cewa audugar daga Larabawa ta zo, ta Andalus ko Sikiliya ko Sham, amma ba ta ce ba a cushe riga da gashi ko tsumma kafin auduga ta iso. Kasancewar kalma ta gida tana zaune gefen ta aro ya fi nuna tsohon abu ne ya sami sabon ciko. Dokar 1181 ma ba ta bayyana mene ne wambais ba, ta ambace shi ne kamar abin da kowa ya sani, kalma kuwa takan daɗe a baki kafin alƙalami ya kama ta.

Mai karatu Bahaushe ya riga ya gane wannan matsala, don irinta ce ke gaban mai binciken lifidi a ƙasar Hausa, sai dai a nan zamanin ya fi kusa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji ɗan Yaji, wanda lissafin Palmer ya sa tsakanin 1390 da 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda hasarar mutane da ya yi a yaƙi. Magana ce mai daraja, amma littafin a siffar da ya iso hannu ya ƙare ne da Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19, watau tsakanin Kananeji da marubucin akwai kusan shekara 500. Shekarun ma ba su cikin littafin, Palmer ne ya fitar da su ta hanyar tara tsawon sarautu yana komawa baya. Waɗanda suka ga lifidi da ido suka rubuta na ƙarni na 19 ne. Denham ya ga barade masu sulke a Kukawa cikin 1823, littafinsa ya fito da hoton mahayin Bagarmi cikin lifidi shi da dokinsa. Clapperton ya ga 'yan lifida cikin rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Gobir cikin 1826, ya lura da nauyin kayan har mahayi ba ya iya hawa sai an taimake shi. Lifidan da ke ajiye a gidajen tarihi galibinsu na wannan ƙarni ne ko bayansa. Audugar rimi da ake cusa musu ba ta jure gara da damina, kuma a fagen fama kibiya mai wuta ita ce maganinsu.

Saura shaidar harshe. Lifidi daga libd na Larabci yake, wanda ke nufin dannannen gashin nan da littafin Muris ya ambata, Barebari kuwa suna cewa lebde. Lam ɗin farkon kalmar na asalinta ne, ba na alif da lam ba ne kamar na liman ko lahira. Ba ita kaɗai ta shigo ba. Sirdi daga sarj yake, linzami daga lijam, likkafa daga rikab. Kusan dukan kayan hawa na barde ke nan, alhali doki da goɗiya kalmomi ne na gida. Harshen yana faɗin abin da Tarihin Kano ya faɗa ta wata hanya: dokin ya daɗe, kayan da suka mai da shi abin yaƙi su ne baƙi. Joseph Greenberg, cikin bincikensa na 1947 a kan kalmomin Larabci a Hausa, ya raba su gida biyu, tsoffi waɗanda suka shigo ta bakin 'yan kasuwa da matafiya, da na baya waɗanda malamai suka ɗauko daga littattafai. Wata alamar tsoffin ita ce juyewar ba ta Larabci zuwa fa, kamar a littafi daga kitab, da aljifu ko aljihu daga jaib. Likkafa da lifidi duka suna da wannan alama, saboda haka ba shigowar jiya ba ce.

Akwai kuma wata alama da ke ja ta ɗaya gefen. August Klingenheben ya nuna cewa a Hausar gabas harafin leɓe da ya zo ƙarshen gaɓa yakan koma u, shi ya sa Basakkwace ke cewa abduga da sabka, Bakano kuwa auduga da sauka. Allura, daga al-ibra, ta bi wannan hanya. Da libd ya zauna a bakin Kanawa da siffar libdi kafin wannan canji, da liudi za a ji. Ba haka ake ji ba. Ko dai an saka wasali tsakanin baƙaƙen biyu tun ranar da kalmar ta iso, wanda ya tsare ta, ko kuwa ta iso bayan canjin ya wuce. Ko wanne ne, abin da harshe ke bayarwa jeri ne, wannan kafin wancan, ba ya ba da shekara. Wanda ya ce kalmar ta tabbatar da 1390 ya ɗora mata kayan da ba ta iya ɗauka. Abin da za a iya faɗi shi ne ba ta ƙaryata Tarihin Kano ba, kuma hanyar da ta nuna, daga Masar zuwa Barno zuwa Kano, hanya ce da aka san tana aiki tun ƙarni na 13, sa'ad da mutanen Kanem suka kafa masauki da makaranta a Alƙahira don alhazansu da ɗalibansu.

Kwalkwali kuwa, abin mamaki, ita ce kalmar da ba ta bi ayarin ba. Larabawa suna ce wa abin baida, watau ƙwai, saboda siffarsa, ko migfar, ko khuza, babu ɗayansu da ya bar gurbi a cikin kwalkwali. Shi kansa kwalkwalin 'yan lifida ba ƙoƙon ƙarfe ba ne irin na Baldenheim, yawancinsa tsumma ne da aka cushe aka ƙarfafa da fallayen ƙarfe ko tagulla, aka kafa masa gashin jimina a ka. Ya fi kusa da hular dakarun Nikiforos bisa ga kwalkwalin Oshere. Ƙarfen da ke da bakin magana a fadodin ƙasar Hausa shi ne sulke. A. D. H. Bivar ya bi fadodin Arewa yana duban sulkuna da takubba, ya buga littafinsa cikin 1964, yana rarrabe sulken da aka ɗaure kowane zobensa da 'yar ƙusa da wanda aka gama bakin zobban kurum, yana kwatanta su da na Masar da sauran ƙasashen da ake ƙera su. Ko a nan ƙa'idar farantin Anastasiyus tana aiki, gama sulken da aka ƙera a Alƙahira zamanin Mamluk yana iya yin shekara ɗari biyu yana yawo a kasuwannin Masar da Fezzan kafin wani fatake ya ɗora shi a raƙumi zuwa Kano.